Idan Gero Ya Wuce Kai

Tun ina yarinya ake ce mini na cika surutu. Innarmu ta faɗa har ta gaji, mijina ya ɗora daga inda ta tsaya, ya yi ta faɗa har Allah ya karɓi abinsa. Yanzu matan kasuwar Attantané ne suka gaji maganar. Wai in Safi mai ƙosai ta kama labari, sai mai ya ƙone a kasko ba ta kai rabi ba. Ni kuwa ban taɓa ganin laifin bakina ba, Allah ne ya ba ni, ban ari na kowa ba.

Ƙanena Lamine shi ya kwashe shirun gidanmu gaba ɗaya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni na goye shi. Ya shiga soja tun gemu bai fito masa ba, ya kai sarjan, aka tura su gabas, can bakin tafki wajen Diffa, ya yi shekaru. Da aka sallame shi, ya dawo mana da tabon harsashi a cinya, yana ɗan ɗingishi. Muka yanka akuya, na rangaɗa guɗa har muryata ta dushe. Duk mun ɗauka ciwon a cinya ya tsaya.

Babanmu ya bar gona ɗaya mai kyau a arewacin gari, da gawo a tsakiyarta. Ita Lamine ya kama. Ruwan farko na sauka ya yi shuka, ya yi noman fari kamar mutum uku, har ana tsayawa a hanya ana kallon yadda yake tura hauya. Gero ya kai gwiwa, yana zuwa. Ya kai ƙugu, sai ya fara jinkiri. Ranar da gero ya wuce kan mutum, Lamine ya jingine hauya a bayan ɗaki, bai ƙara taka gonar ba. Tsuntsaye suka yi biki, awaki suka ƙarasa, ɗan abin da ya saura Salifu ɗan baffanmu ne ya girbe masa don kunya. Damina ta biyu ma haka aka yi, ba ragi ba ƙari.

Mutanen gari ba su rasa abin faɗa ba. Wai soja ya saba cin shinkafar gwamnati, ya raina gero. Wai girman kai ne, sarjan ba zai bari ƙaiƙayi ya taɓa masa wuya ba. Duk wanda ya faɗa a gabana ya sha, amma baki ɗaya ba ya rufe gari.

Ana dab da shukar damina ta uku, Baba Jatau ya aiko kiranmu. Ƙanen babanmu ne, shi ne babba a zuri'a, maganar gona ba ta wuce shi. Muka same shi a zaure ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo. Muka durƙusa muka gaishe shi.

Ya ce, “Lamine, ƙasa ta yi ƙaranci, kai ma ka sani. Ɗiyan Salifu sun yi yawa, gonatai ba ta ci da su. Kai kuwa damana biyu ke nan kana shibka kana bar ma tsuntsaye. In bana ba ka girbe gonar ga da hannunka ba, ni da nike raye, zan ba Salifu ita.”

Na buɗe baki, Baba ya ɗaga hannu.

“Safi, ba da ke nike ba.”

Lamine ya sunkuyar da kai ya ce, “Na ji, Baba.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na fito raina yana tafasa. Amma in za a faɗi gaskiya, Baba Jatau ba mugu ba ne. A ƙasarmu ta yanzu ba a barin gona ta kwana, kuma 'ya'yan Salifu ba rairayi za su ci ba. Sai dai Lamine ma yana da 'ya'ya, kuma in gonar nan ta fita hannunsa, ba shi da wani abin da zai kira nasa a garin ubansa.

Daga ranar na rage magana kaɗan na ƙara kallo. Na ga in zai je kasuwa, ba ya bin 'yar hanyar da ta ratsa gonaki, sai ya zagaya ta babban titi ko da rana ta take. Na ga in ya zauna a tsakar gida, bayansa na jikin bango, idonsa na kan ƙofa. Na ja Raihana matarsa gefe, muna tsince wake, na tambaye ta. Ta yi ta kame-kame, sannan hawaye suka zubo mata.

Ta ce, “Yaya, maigida bai barci. In ya samu ya runtsa, sai shi zabura shina kiran wani suna, zuhwa ta jiƙe shi sharkaf. Ran nan iska ta kaɗa karan danni, na ga ya kwanta ƙasa rub da ciki. Da ya tashi ya ce in na hwaɗi ma kowa, bai yahe mini ba.”

A nan na gane ba girman kai ke damun ƙanena ba, tsoro ne. Na ji tausayinsa ƙwarai. Sai kuma na ga mun shiga gaba kura baya sayaki. In na yi shiru, gona ta tafi. In na je na ce wa Baba Jatau yaron nan ba shi da lafiya a kai, kafin la'asar gari ya ɗauka Lamine ya taɓu, kuma wa ya taɓa barin gonar gado a hannun wanda aka ce ya taɓu? Ga 'ya'yansa mata suna tasowa, sunan ya bi su har ɗakin aure. Akwai likitan kai a Maradi, kowa ya sani, amma duk wanda aka ga an saka a mota an nufi can da shi, ya dawo da sunan da sabulu ba ya wankewa. Mun karɓo rubutu wurin malam, ya sha da bismilla, ya ɗan ji sanyi a ransa, amma gona tana nan inda take.

Ni ina da tansiyo, hawan jinin nan da ya zama abincin tsofaffi. Duk wata nakan je gidan likita a auna ni. Majo, wato babban ma'aikacin jinya da ke shugabantar wurin, sunansa Hamani, Bazabarme ne daga yamma, dogo, mai haƙoran dariya. Mu kuwa Gobirawa ne, zanenmu na nan a kumatu. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme akwai wasa tun kaka da kakanni. Ya zage ka, ka rama, ya kira ka bawansa, ka ce shi ne naka, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi da abokin wasansa, shi gari zai yi wa dariya.

Ina shiga ya ce, “Ah, baiwata ta zo gaida ubangijinta. Ina ƙosaina?”

Na ce, “Mai cin kopto, mi ka sani game da ƙosai? Ku da ganyen zogale ya rena.”

Ya ɗaura mini abin awo a hannu, ya matsa, ya duba, ya girgiza kai. Sai ya yi mini tambayar da bai taɓa yi ba.

“Kina barci kuwa? Akwai abin da ke cin ranki?”

Na ce, “Yau kuma boka ka zama?”

Ya yi dariya ya ce ba boka ba ne. An kira su Maradi an ƙara musu karatu, su majoji na ƙauyuka. Yanzu damuwa, da firgita, da rashin barci, da baƙin cikin da ya ƙi tafiya, duk a nan ake fara duba su, a ɗakin da ake duba zazzaɓi da ciwon ciki. In abu ya fi ƙarfinsa, akwai babban likita da yake kira a waya su yi shawara.

Ya ce, “Kai ma jiki ne, Safi. Wanda ya zo don kai da wanda ya zo don ƙahwa, benci guda su ka zama, ƙohwa guda su ka shiga. Ba mai sanin abin da ya kawo wani.”

Na yi shiru, abin da ba ya cika faruwa. Har ya leƙo fuskata ya ga ko lafiya. Na ce masa akwai wani, ban faɗi suna ba. Shi ma bai tambaya ba, ko da yake Attantané ba ta da girman da za a ɓoye tsohon soja a cikinta.

Ya ce, “Ki kawo shi in auna mishi tansiyo. Namiji in ya wuce arba'in ya kamata a auna shi. Sauran, in ya so ya yi magana, to. In bai so ba, ba a tilas.”

Da watan awona ya zagayo, gero ya kai gwiwa. Na ce wa Lamine jiri nake ji, ya kai ni a moto, wato babur. Ba zai iya ce mini a'a ba, ni na goye shi. Muna isa, wa za mu tarar a kan benci? Baba Jatau, ya zo a duba masa gwiwa. Gabana ya faɗi. Muka gaishe shi muka zauna, ga mata masu awon ciki, ga wani Buzu da rawaninsa yana riƙe da haƙori. Da layi ya zo kaina, Majo ya leƙo, ya ga Lamine, ya buɗe murya yadda kowa zai ji.

“Wa ya kawo mini wanga ƙaton bawa? Sarjan, shigo in auna ka. Gobirawa gishiri ya yi muku yawa, duk tansiyo ta gama ku.”

Benci ya kwashe da dariya, har Baba Jatau ya ce, “Shiga mana a auna ka, mu ma duk ita muke sha ma magani.” Lamine ya tashi ya bi ni ciki, don ƙin tashi zai fi jawo ido.

Majo ya rufe ƙofa, ya auna ni, ya auna shi. Yana kwance abin awon daga hannunsa, sai ya ce, kamar wanda ke tambayar farashin goro, “Sarjan, an ce mini gero ya kori Bagobiri daga gona. Ashe jarumtar taku ta baki ce?”

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maganar da shekara biyu ba wanda ya iya faɗa masa a ido, ni kaina ban iya ba. Na ga jijiyar wuyan Lamine ta tashi. Da wani ne ya faɗa, da ya miƙe ya fita, kuma ba zai sake taka wurin ba har abada. Amma Bazabarme ne ya faɗa. Ba a yi wa abokin wasa fushi, ba a kuma yi masa shiru, dole ka rama. Lamine ya yi wani murmushi da bai kai ido ba.

Ya ce, “Kai da allura kaɗai ka iya riƙewa. Da kai ne ka shiga masarar bakin tabki, da wandonka...”

Bai ƙarasa ba. Ya ƙura wa tebur ido.

Dariya ta bar fuskar Majo gaba ɗaya. Ya jawo kujerarsa kusa, ya ce a hankali, “Gaskiyarka, ban shiga ba. Kai ka shiga. In ka yarda, ina son in ji.” Sannan ya dube ni. “Safi, je ki karɓi maganinki.”

Na fita. Ranar ce na fara sanin bencin gidan likita yana da tauri. Baba Jatau ya tambaye ni me ya daɗar da su, na ce tansiyon ce ta hau da yawa, kuma ban yi ƙarya ba, ta hau ɗin. Da Lamine ya fito idonsa ya yi ja, amma tafiyarsa ta canza, kamar wanda ya sauke buhu. A hanya na danne bakina da ƙyar har muka isa gida.

Daga nan duk ranar kasuwa sai ya bi ta gidan likita. Gari ya san Sarjan na da tansiyo, har ana ba shi shawarar ya sha zoɓo ba sukari. Majo ya ba shi wata 'yar ƙwaya ta ɗan lokaci don barci ya samu, ya koya masa yadda zai ja numfashi in ƙirjinsa ya fara bugu, sauran kuwa magana ce. Me suke faɗa, ban sani ba. Na yi ta zolayar Majo ko zai ɗan tsegunta mini, ya ce sirrin bawa ba a faɗa wa baiwa.

Ba a rana ɗaya abin ya gyaru ba. Akwai makon da Raihana ta ce ya yi barci har rana ta fito, muka yi hamdala. Akwai makon da wata moto ta yi tusa a bakin kasuwa, ya koma ɗaki ya rufe ƙofa, ko sallar jam'i bai fita ba. Na ce shi ke nan, mun koma gidan jiya. Majo ya ce ba mu koma ba, haka hanyar take. Ya sa shi ya riƙa zuwa gonar wake ta Raihana, inda komai ke ƙasa da gwiwa. Daga nan ya riƙa tsayawa a bakin tasa gonar, ya dawo. Gero kuwa ba ya jiran kowa. Ya wuce ƙugu, ya wuce kafaɗa, ya fid da kai, ya rufe gawon babanmu har sai ƙololuwarsa ake hangowa.

Wata la'asar ina soya ƙosai a gida, Lamine ya shigo ya zauna a kan turmi. Yana kallon wuta, ya fara magana ba tare da ya dube ni ba.

“Yaya, can bakin tabki, in ruwa ya janye, masara su ka shibkawa. Tana tsawo ta hi mutum. Ran nan anka ce mu shiga mu duba. In an shiga ba a magana, ko tari ba a yi, da hannu a ka nuni. Usman na gabana, abokina, tare munka ci munka sha shekara da shekaru. Ba ka jin komi sai ganye na gogar ganye. Sai ganyen ya motsa ta inda babu iska.”

Na kwashe ƙosan da ya fara ƙonewa.

“Anka buɗe muna wuta. Na jawo Usman hal waje, amma ya riga ya cika. Tun ran nan, in ganye ya ruhe mini ido kuma wuri ya yi tsit, can nike, ba nan ba. Na san gonar babanmu ce, kaina ya sani. Jikina ne bai yarda ba.”

Na so in rungume shi kamar lokacin da yake yaro, amma ƙato ne mai furfura a gemu. Sai na tura masa ƙosai a faranti, hawaye na zuba mini a zane.

Ya ce, “Majo ya ce in roƙe ki wani abu. Ya ce can shiru ne. To in na shiga nan, kada a yi shiru. In riƙa jin muryar da jikina ya san ta gida ce. Ya ce duk ƙasarmu ta Mayahi babu bakin da ba ya gajiya kamar na baiwatai.”

Na ce, “Ɗan banzan Bazabarme!” Na yi dariya ina share hanci. Lamine ma ya yi dariya, irin wadda rabona da jin ta tun kafin ya tafi gabas.

Muka fara gwadawa da sassafe, kafin mutane su fito. Ya shiga taku kaɗan, ni ina bakin gona ina zuba, ya fito yana haki. Gobe ya ƙara kaɗan. Wata rana ya fito a guje ya zauna a kan yashi, ya ce ba zai iya ba, a ba Salifu kawai. Na ce masa in ya sake faɗin haka zan fasa masa kasko a kai. Washegari muka koma.

Kaka ta yi, gero ya bushe. Busasshen ganye ya fi ɗanye ƙara, ko ƙadangare ya gitta sai ka ji kamar mutum ne. Maƙwabta suka fara girbi, amalanke na ta wucewa da dammunan gero. Baba Jatau ya aiko ya ce ranar da Lamine zai sa hannu, a faɗa masa, yana so ya gani da idonsa. Aka faɗa masa. Ya zo a kan jaki saboda gwiwa, Salifu na biye da shi, kansa a ƙasa, don shi ma abin ba daɗi yake masa ba. Majo bai zo ba. Ya ce in aka gan shi a bakin gona, kowa zai tambaya me ya haɗa tansiyo da girbi.

Lamine ya ɗaure ɗamara, ya yi bismilla. Ya fara daga gefe, yana kwantar da kara yana yanke zangarniya. Wannan da sauƙi, sarari na bayansa. Amma babanmu yana da al'adarsa da kowa ya sani a zuri'a: damin farko daga gindin gawo ake ɗaure shi, inda gero ya fi kauri, shi ake fitarwa sadaka kafin a taɓa saura. Baba Jatau ya yi gyaran murya.

Ya ce, “Daga gawo a ka hwarawa. Ko ka manta gidanku?”

Lamine ya miƙe. Ya dubi geron da ya yi masa katanga, ya dube ni. Na ga yana jan numfashi yadda aka koya masa. Sannan ya raba kara da hannu biyu ya shiga, ganye ya rufe bayansa.

Ni kuwa na buɗe baki. Na fara da tsadar mai, na bi ta kan matar da ta ci mini ƙosai ta ce ba gishiri, na shiga labarin akuyar Raihana da ta haihu a cikin madafa. Ina faɗa da ƙarfi, kamar mai kiran wani a hayin gulbi. Kawunan gero na motsawa, suna nisa, suna nufar gawo.

Baba Jatau ya ce, “Safi, ke ba ki gajiya? Mutum na aiki kina cika mishi kunne. Yi mana shiru.”

Ban taɓa ƙetare maganar Baba ba a gaban mutane. Na ce, “Ku yi haƙuri, Baba,” na ci gaba. Na ba da labarin ranar da Lamine yana yaro ya saci ƙuli-ƙulin Inna ya ɓoye a hula, mai ya tsiyayo masa a goshi. Ina cikin wannan, sai na ga kawunan geron sun daina motsi. Can tsakiya, kusa da gawo, komai ya tsaya cak.

Zuciyata ta tsinke, labarin ya ɓace mini. Ni Safi, da ban taɓa neman magana na rasa ba, na buɗe baki babu abin da ya fito. Iska ta taso, busasshen ganye ya ɗauki ƙara daga wannan gefe zuwa wancan. Na san abin da yake ji a ciki, na san inda jikinsa ya kai shi.

Sai muryarsa ta fito daga cikin gero, a shaƙe, kamar ta yaron da ya farka bai ga uwarsa ba.

“Yaya! Kada ki yi shiru!”

Baba Jatau ya juyo ya dube ni. Tsoho ne, ya ga duniya, kuma ba irin muryar da mai girman kai ke yi ba ce. Na ga fuskarsa ta sauya. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce masa komai ba.

Da labari ya ƙi zuwa, sai na kama faɗa, shi ba ya ƙare mini. Na ce, “Lamine, ɗan ƙwal uba, ni za ka shanya a rana? Ka ɗauro damin nan ka hito, ƙullu na can na jirana! Tun kana goye kake wahal da ni, ka tsinke mini majanyi ya hi a ƙirga, yanzu da hurhura ma ba ka bari in huta!” Ina faɗa ina kuka, muryata na karyewa ina ɗaura ta.

Sai ga wata murya a gefena, tsohuwa, mai kauri. Baba Jatau ne ya sauko daga jaki, ya dafa sandarsa, ya matso har bakin kara.

“Lamine! Ni ne, Baba Jatau. Ina nan, Salifu na nan. Gawon ubanka ne a gabanka, nan ya ka ajiye gorar hura. Yanko mana, ɗana, muna jira.”

Kawunan gero suka motsa. Muka ji ƙarar wuƙa, ɗaya bayan ɗaya. Ni da Baba muka yi ta magana, in na tsaya jan numfashi ya karɓa, har Salifu ma ya sa baki da labarin jakinsa. Can sai kara ya rabu, Lamine ya fito da dami a ka, rigarsa ta jiƙe kamar an tsamo shi daga rijiya. Ya sauke damin a gaban Baba, ya durƙusa.

Baba Jatau ya dafa zangarniyar, ya daɗe bai ɗaga hannu ba. Sannan ya ce, “Salifu, je ka zo da amalanke, ka kama ma ɗan'uwanka jida. Gonatai ce.”

Da zai hau jaki, ya tsaya ya dube ni. Na sunkuyar da kai, ina jiran faɗan ƙetare maganarsa da na yi.

Ya ce, “Gobe ma ki zo, Safi. Da saura da yawa a gonar ga.”

Lamine ya sha ruwa, ya goge fuska, ya juya ya sake nufar geron. A bakin kara ya waiwayo.

“Yaya, ina kika tsaya? Mai ya tsiyayo mini a goshi, sai Inna ta ce mi?”

Shekara hamsin da wani abu ana ce mini in yi shiru. Na gyara ɗaurin zane, na ɗora daga inda na tsaya.